Jelar Motar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ta tsakiyar damina ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Madabo ba za su bar ni ba. Har gobe in na bi ta layin gidan surukaina sai wani ya ɗago daga kan dakali ya ce, "Direba, yau ba kaya?" Ni kuwa in yi yaƙe in ƙara sauri.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san irin mutumin da aka ɗora wa wannan aiki. Ɗinkin hula nake yi a zauren gidanmu da ke Soron Ɗinki. A nan aka haife ni, a nan nake wuni, allura a hannu, rediyo a gefe. Boko ban wuce aji huɗu ba, allo kuma na tsaya inda na tsaya (kada ku tambaye ni izu nawa). Fita ba ta dame ni ba, in kun gan ni a kasuwa to zare ne ya ƙare. Abin da Allah ya hore mini shi ne baki da kunne. Kaina a sunkuye zan gaya maka wanda ya wuce ta ƙofar gida daga jan takalminsa kawai. Mota kuwa na iya, amma irin iyawar nan ta a kai iyali asibiti a dawo. Gaba nake tafiya. In ta kama a yi baya, gara in zagaye unguwa in ɓullo ta ɗaya bakin.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba Malam, dattijo ne malami, kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a Madabo. Mutum ne mai sanyin murya, in yana magana sai ka matsa. Matata Hajara ita ce 'yarsa ta fari, kun kuwa san yadda abin yake. Ba ya kama sunanta, balle nawa. In zai yi zancena sai ya ce "mutanen Soron Ɗinki", kamar mu goma ne. Ni ma ta nawa ɓangaren, shekara goma sha biyu da aure ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga bakin soro nake cire takalmi in durƙusa, in gaida ƙasa, ƙasa ta amsa. Da za a jera ƙafafun dattawan Madabo, nan take zan fitar da nasa. Fuska kuwa sai dai in yi kirdado.

To a shekarar nan ne yayansa, Malam Babba na Shahuci, ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ya bar littattafai cike da ɗaki, yawancinsu rubutun hannu, wasu nasa, wasu na mahaifinsu, wasu ma babu wanda ya san hannun wa. Magada suka ce Baba ne ya dace ya riƙe. Ana cikin shawarar ranar da za a kwaso sai rufin ɗakin ya fara yoyo. Bashir, ƙanin Hajara, wanda shi ke jan motar gidan, ya yi tafiya Maiduguri, ba zai dawo ba sai bayan sati.

Ina zaune da safe ina fitar da zanen wata hula Hajara ta leƙo zaure, mayafi a kafaɗa.

"Baban Ummi, Baba fa yana cikin damuwa. Jiya ko tuwo bai ci ba saboda littattafan nan."

"Allah sarki. Allah ya kawo mafita."

"Ai ya kawo. Na ce musu ka iya mota."

Allurar ta shige mini yatsa. "Kin ce musu?"

"Na ce. Kullum sai dai a ce mijin Falmata ya kai wannan, mijin Falmata ya kawo wancan. Ni nawa mijin sai hula da Sallah." (Falmata ƙanwarta ce, mijinta ɗan kasuwa ne mai yawan zirga-zirga, irin mutanen nan da ko gaisuwa a tsaye suke yi da mukulli a hannu.) Sai Hajara ta ƙara da cewa, "Amma fa da jelar za a ɗauko. Ka iya da ita?"

Jela sunan da mutanen gidan suka sa wa wata 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu, wadda wani mai walda ya haɗa wa Bashir don kwaso amfanin gona. Ana maƙala ta a bayan mota da ƙarfe da ƙusa. Ban taɓa ja da ita ba, ban ma taɓa tsayawa na kalli yadda ake yi ba. Amma matata tana tsaye tana kallona da idon nan na mai fata, sai na ji bakina ya ce, "Haba Hajara. Mota ai mota ce."

Zuwa Shahuci lafiya lau. Jela tana bina a baya kamar akuyar gida, har na fara tunanin ashe Bashir duk cika baki ne. Magidanta biyu daga ɗaliban marigayi suka taya ni lodi: adakoki uku, kwalaye fiye da goma, da gafakoki da aka ɗaure cikin tsofaffin zannuwa. Muka rufa tabarmi a sama muka ja igiya. Babbansu ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, don Allah kada ruwa ya taɓa su. Tawadar gargajiya ce, ɗigo ɗaya ya isa ya wanke layi." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na san tawadar, ai ita muke wankewa daga allo da ruwan kofi ɗaya. Ni da ban iya karanta shafi guda na littattafan nan ba, sai ga shi an damƙa mini aikin hannun mutum uku ko huɗu da duk suka riga mu gidan gaskiya. Da na ɗaga kai wajen gabas kuwa, hadari ya fara haɗa gira.

Yanzu sai in kwatanta muku garejin. Da can soro ne na biyu na gidan, Bashir ya sa aka faɗaɗa ƙofar aka sa ƙyauren ƙarfe. Ba ya ɗaukar mota da jela tare. Jelar ake turawa ciki da baya, a kwance ta, motar ta je ta kwana bakin masallaci. A bakin ƙofar akwai ɗan tudun siminti saboda ruwan layi, wanda mutum ɗaya ba zai iya tura kaya mai nauyi ya haye shi ba. Layin kansa kuwa in mai kura ya shigo sai mai babur ya jira. Ga kwata a gefe, ga falwayar lantarki ta kafe daidai gaban garejin kamar an aiko ta.

Na iso bayan la'asar. Mazan gidan duk suna kasuwa. Mutum ɗaya ne a layin, Ɗanladi mai faci, wanda rumfarsa ke jikin falwayar. Taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, don haka ba ya raga mini ko a gaban Sarki.

"A'a! Na-zaure! Wa ya sake ka? Yau allura ta huta ke nan?"

"Rufe mini baki ka buɗe mini ƙyauren nan."

Ya buɗe. Na wuce ƙofar kaɗan, na yi bisimilla, na sa giyar baya. Ina son jela ta yi dama, na karya sitiyari dama. Ta yi hagu. Na tsaya, na yi gaba, na sake. Ta sake yin hagu, har da sauri, kamar ta ji haushi. Na ce to bari in yi mata wayo, na karya hagu. Ta yi dama kam, amma ta zarce, ta naɗo har ina hango tayarta ta tagata.

"Yi gabas!" in ji Ɗanladi. "Gabas na ce! Kai, wannan ai alƙiblar mutanen Legas ce!"

"Motar ce za ta yi gabas ko jelar?"

"Duk wadda ta yarda!"

Sau biyar ina shiga ina fita. Gumi ya jiƙa mini riga, iska ta fara kaɗa ledoji a layi, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ana haka kunnena ya jiyo jan takalmin da na fi sani a duniya. Baba ne ya fito daga babban soro.

Me kuke tsammani na yi? Na ja birkin hannu, na fito, na cire takalmi, na durƙusa a tsakiyar layi, mota tana ta ruri a bayana.

"Allah ya gafarta Malam, barka da yamma."

"Barka kadai. An zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya yara? Ya ɗawainiya?"

"Lafiya lau, Allah ya gafarta Malam. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Madalla. Allah ya yi albarka."

Aka yi tsawa ta farko muna tsakiyar gaisuwa, babu wanda ya rage ko kalma ɗaya. Da muka gama, Baba ya dubi sama, ya dubi tabarmin da ke kan littattafan, na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame takalmi. Sai ya juya wajen Ɗanladi.

"Ɗanladi, bari in shiga daga ciki in duba musu. A ce wa mutanen Soron Ɗinki su taho a hankali."

Ina nan durƙushe taku biyu daga gare shi, amma ta hannun Ɗanladi saƙon ya iso. Baba ya tattare babbar rigarsa ya shiga garejin, ya tsaya a kusurwar da ke bayan ƙyaure ta hagu, inda zai ga tayar jela.

Na koma mota. Na ɗaga ido in dubi madubin tsakiya, sai ga fuskar Baba cif a ciki, yana kallona. Wallahi ji na yi kamar an kama ni da hannu a tukunyar miya. Na yi maza na sauke kai. Na juya ga madubin gefe, nan ma shi ne, har da farin gemunsa. Shekara goma sha biyu ina kiyaye idona, yau gilashi zai haɗa ni da surukina ido cikin ido, kuma ba sau ɗaya ba, har sai an gama? Hannuna da kansa ya tashi ya tura madubin tsakiya sama, ya koma kallon rufin mota. Na miƙa hannu ta taga na naɗe na gefe. Na ce a raina, ai ina da kunne. Mutumin da ke gane tafiyar kowa a Soron Ɗinki, muryar Baba ce za ta gagare shi?

(Na san abin da kuke cewa. Ni ma yanzu shi nake cewa.)

Abin da ban lissafa ba shi ne, Baba ba da ni zai yi magana ba. Kuma iska ta taso tana kaɗa kwanon rufin unguwa gaba ɗaya, ƙarau-ƙarau, ga rurin tsohuwar mota. Sai aikin ya koma haka: Baba ya faɗa a hankali daga ciki, Ɗanladi ya kasa kunne daga bakin ƙofa, ya ƙara nasa gishirin, sannan ya jefo mini.

"Malam ya ce ka taho! Taho, taho, ɗan gidan allura! Ya ce madalla!"

Na taho. Na ji tayoyin jela sun taka tudun siminti, mota ta yi nishi. Na ƙara mata wuta.

"Ya ce... tsaya in ji... Na'am, Malam? Ya ce wai a ce wa mutanen Soron Ɗinki, in babu damuwa, in da hali..."

Ƙuuu! Ƙarfe ya goga bango. Motar ta karkace, na ji tayar baya ta zurma cikin kwata, inji ya yi tari biyu ya mutu.

"...su tsaya," in ji Ɗanladi.

Iska ta ɗan lafa. Daga cikin garejin na tsinkayi muryar Baba, a natse kamar yana ba da karatu: "Ɗanladi, a ce musu nan ciki wuri ya ƙare."

Sai a lokacin na juya da wuyana na duba. Jela ta shiga a karkace, rabi ciki rabi waje. Gefenta ya manne da bakin ƙofa, gindinta ya tokare bangon hagu, ta rufe kusurwar da Baba yake ciki ruf. Ba ta taɓa shi ba, alhamdu lillahi, amma ba gaba ba baya, daga ƙirjinsa zuwa rawani kawai ake gani ta saman kwalaye. Na kulle surukina a lungu kamar ragon layya. Na murɗa mukulli, mota ta ce ƙyaƙ, ta yi shiru. Na sake, ko ƙyaƙ ɗin ma ta hana.

Ɗigon farko ya faɗo kan gilashi, mai girma kamar kwabo. Na bi inda ya fito da ido, a nan ne na ga babbar matsalar. Indararon rufin gidan gaba ɗaya a saman ƙofar garejin yake, kuma bakinsa ya saitu daidai kan rabin kayan da ke waje. Tabarma za ta iya da yayyafi na ɗan lokaci. Indararo kuwa, wanda ke tara ruwan ɗakuna shida ya zubo shi wuri ɗaya, minti ɗaya ya ishe shi ya mai da littattafan nan farar takarda.

Na tura ƙofata, ta daki falwaya, ko hannu ba zai fita ba. Ta ɗaya ɓangaren kuwa Bashir ya daɗe da ɗaure ta da waya. Na haye kujera na zura kai ta tagar can. Ni ba siriri ba ne, zaman zaure ba ya rage mutum. Kafaɗa ta fita, ciki ya tsaya shawara. Na yunƙura da ƙarfi, na ji wani abu ya ce ɓas a ƙuguna. Zariyar wandona ce ta maƙale a hannun ɗaga gilashi ta tsinke. Na faɗo ƙasa da tafin hannu, na miƙe, hannu ɗaya riƙe da wando.

Shi kuwa Ɗanladi, maimakon ya kama wani abu, sai ya ruga bakin babban soro yana kwarara ihu: "Jama'ar gida! Ku fito! Na-zaure ya danne Malam da mota!"

Ruwa ya ɓarke. Na hango wani tsohon fallen kwano da Ɗanladi ke kare rana da shi a rumfarsa, na fizgo shi da hannu ɗaya, na taka bayan mota na haye kan but, don daga nan ne kawai zan kai tsayin da zan tare indararon. Na ji shi yana tahowa ta cikin rufi, yana gurnani. Na ɗaga kwanon da hannun dama, iska ta murɗe shi. Hannu ɗaya ba zai iya ba.

Daidai nan ƙofar soro ta buɗe. Hajiya Yagana, surukata, ita ce a gaba, ko takalmi babu, tana salati. Bayanta Hajara (ashe tun azahar ta zo gidan don ta ga shigowar mijinta da idonta), sai Amina matar Bashir, sai wasu mata biyu na gidan. Duk suka yi cirko-cirko suna kallon sama, inda nake tsaye kan but kamar mai wa'azin kasuwa.

Jama'a, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina shawara ba, amma na san na yi ta. Ga wando a hannun hagu, ga littattafan bayin Allah a ƙasa, ga uwar matata a gabana. Indararo ya saki.

Na saki wandon.

Na kama kwanon hannu bibbiyu na cusa shi ƙarƙashin ruwan. Nauyin ya kusa kayar da ni, ɗaya bakin kwanon ya sunkuya zai juye ruwan kan kwalaye. Babu wanda hannunsa zai kai wurin sai mutum ɗaya. Na ɗaga kai na dube shi tsakiyar ido, na daka tsawar da ko 'ya'yana ban taɓa yi wa ba:

"Baba! Riƙe can! Ɗaga sama! Sama na ce!"

Baba ya riƙe. Ya ɗaga. Ruwan ya juyo ta wajena, ya sauka a ƙirjina kamar an buɗe famfon unguwa, ya bi ta cikin riga ya gangara. Hulata ta tafi. Wando kuwa ya riga ya isa idon sawu, ya kwanta a can abinsa. Rigar da na sa 'yar shara ce iya cinya, ta jiƙe ta manne. Abin da ya rage tsakanina da duniya shi ne gajeren wandon da Hajara ta ɗinka mini da ragowar atamfarta ta bikin Falmata, shuɗiya mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Duk matan da ke tsaye a wurin suna da irinta a akwati, anko ce.

Matar Bashir ta toshe baki da mayafi. Hajara ta ce, "Na shiga uku," a hankali, amma kunnen nan nawa ya ji. Ɗanladi ya zauna daɓas a cikin ruwa yana riƙe ciki.

Hajiya Yagana ce kaɗai ba ta ɓata lokaci ba. Kallo ɗaya ta yi wa Baba ta ga lafiyarsa ƙalau, ta yi wa kayan kallo ɗaya, ni kuwa ta tsallake ni kamar babu kowa a kan but ɗin.

"Ku kau da kai ku kama ƙarfe! Kai Ɗanladi, tashi ka cire ƙusar nan, sakarai, dariya za ta shigar da kaya? Hajara, nan. Ke Amina, can. In ya cire ku ɗaga ku ja wajen masallaci, haka Bashir yake yi in ta ƙi."

Ashe duk shekarun nan tana leƙen Bashir ta tagar soro. Ɗanladi ya ɗauko sifana ya doki ƙusar sau uku ta fita. Mata biyar suka ɗaga ƙarfen jela, suka ja shi gefe, gindinta ya saki bango ta miƙe sak. Abin da na kasa da inji da sitiyari, suka yi shi da hannu cikin ƙiftawar ido. Hajiya ta ce, "Malam, saki kwanon ka matsa. Ya Allahu!" Suka tura gaba ɗaya, jela ta haye tudun ta shige ciki har ƙurya.

Ni kuwa ina nan tsaye, kwano a sama, ina tare ruwan da babu abin da zai jiƙa sai ni. Na rasa yadda zan yi in sauke shi, don in na sauke dole in sunkuya, in na sunkuya kuma dole in juya wa wani baya. Daga ƙarshe na sauke shi a gabana na ɓuya a bayansa kamar mai wanka a bakin rafi, har sai da na ji takun matan ya shige gida.

Kafin magariba ruwa ya ɗauke. Aka aiko mini da riga da wando na Bashir, waɗanda suka tsaya mini a ƙwauri. Na so in sulale in gudu Soron Ɗinki in yi wata guda ban fito ba, sai aka ce Baba yana kira. Na same shi a garejin, an shimfiɗa tabarma, yana buɗe kayan ɗaya bayan ɗaya. Adakoki lafiya. Gafakoki lafiya. Kwali ɗaya ne, wanda ke can bakin gaba, ruwa ya shiga ta kusurwarsa kafin in tare. Littafi guda ya samu, rubutun Malam Babba da kansa. Ganye huɗu sun zama kamar an zuba musu shayi, baƙaƙen sun narke sun bi juna.

Baba ya daɗe yana kallon ganyen nan huɗu a tafin hannunsa. Na durƙusa a gabansa.

"Allah ya gafarta Malam, a yafe mini. Gangancina ne. Ban iya ba na ce na iya."

"Karatun yana nan," in ji shi, ya taɓa ƙirjinsa. "A gabansa na karanta littafin nan, zan mayar da shi. Hannunsa ne dai ba zai dawo ba." Babu Ɗanladi a wurin, babu kowa, sai ni da shi. Sai na ji ya ce, "Na ga lokacin da ka kawar da madubin."

Na ƙara sunkuyar da kai, ina jiran abin da zai biyo baya.

"Na gani ban ce komai ba, don ni ma hakan ya fi mini sauƙi. Da na buɗe baki na ce maka tsaya, kalma ɗaya, da ba a kai nan ba. Ganye biyu naka, biyu nawa." Ya mayar da su cikin littafin a hankali. "Sauran ɗaruruwan kuma, da ka tsaya riƙon abin da ka saki, da yanzu babu su. Allah ya yi maka albarka. Tashi ka taya ni ɗaga adakar nan."

Muka ɗaga, shi a can ni a nan, muna kallon juna don kada ta faɗi.

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, Hajara ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Ko ba komai an ga ɗinkina ya zauna." Ta fashe da dariya har da hawaye, ni ma na bi ta, don babu abin da ya rage.

Bayan kwana uku Hajiya Yagana ta aiko da kwanon dambu da wani ɗan ƙulli a baƙar leda. Babu saƙo, ba a ce daga wa ba, ba a ce na wa ba. Na buɗe, zariya ce guda shida, saƙar hannu, kowacce kaurinta ya kusa igiyar guga.

Abin da na koya dai shi ne, kunyar suruki abu ne mai kyau, har gobe ina durƙusawa. Amma tana da wurinta, kuma giyar baya ba ya cikin wuraren. In kaya suna bayanka, dubi madubi ko wane ne a ciki, don kunyar da ka ƙi ji ta minti biyu a zaune cikin mota, za ka ji ta a tsaye a kan but, gaban mata biyar, cikin furanni ruwan ɗorawa.